Kalmar “Fever”: Alama Ce, Ba Sunan Ciwo Ba

Akwai kalmomin Turanci da suka daɗe a bakinmu har mun manta baƙi ne. Ɗaya daga cikinsu ita ce “fever”, wadda muke furtawa “fiba”. Ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san ta. Bayan sujada, idan aka tambayi mace ina maigidanta, ta ce, “Fiba ce ta kwantar da shi,” sai kowa ya ce, “Allah ya ba shi sauƙi.” Kowa kuma ya tafi da tunani ɗaya: maleriya ce. Amma ba haka kalmar take nufi ba, kuma wannan ɗan bambanci yana iya jawo asarar kuɗi, wani lokaci har da rai.

A Turanci, “fever” tana nufin zafin jiki ya hau fiye da yadda ya kamata. Iyakar ma'anarta ke nan. Zafin jikin mai lafiya yana kusa da digiri 37. Idan ma'aikacin lafiya ya sa ma'auni a hammata ya ga 37.5 ko fiye, sai ya rubuta “fever”. Jiki ne da kansa yake ƙara zafin sa'ad da yake yaƙi da ƙwayoyin cuta. Kamar haushin kare ne da dare: ya gaya mana wani abu ya shigo gida, amma bai ce ɓarawo ne ko akuyar maƙwabci ba. Sai an ɗauki tocila an duba.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci sun gamu da kalmar a Markus 1:30, wurin labarin surukar Bitrus. A namu na Hausa zazzaɓi aka ce. Ba a faɗi wace cuta ce ta kama ta ba, an dai faɗi abin da mutanen gidan suka gani. Hausa ma haka take tun asali: zazzaɓi da masassara suna faɗin abin da jiki yake ji ne. Shi ya sa idan ana nufin maleriya sai an ƙara magana, a ce zazzaɓin cizon sauro.

Yadda muka haɗa su

Ba laifin jahilci ba ne. Maleriya ta yi yawa a wurarenmu, musamman da damina, kuma shekaru da yawa ma'aikatan lafiya da kansu an koya masu cewa yaron da jikinsa ya yi zafi a ba shi maganin maleriya nan take, domin babu abin gwaji a ƙauye. Manyanmu suna tuna kulorokwin da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa waɗansu. A 2005 Nijeriya ta daina dogara da shi domin ƙwayar cutar ta daina jinsa, aka koma ga magungunan da ake kira ACT. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa gwada jini tukuna kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin gaggawa, wato RDT, ɗigon jini ɗaya yake bukata daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Ka'idar asibiti ta canja, amma bakinmu bai canja ba.

Ciwon huhu yana kawo zafin jiki. Haka ƙyanda, da sanƙarau, da ciwon kunne, da ciwon mafitsara, da ƙurjin da ya yi ruwa, har da mura. Maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Yaron da ciwon huhu yake damunsa, idan aka yi kwana uku ana ba shi maganin maleriya, kwana uku ke nan cutar tana ci ba mai tare ta.

Sunayen da suka ƙare da “fever”

Turanci yakan sa wata kalma a gaba domin a san wane zazzaɓi ake nufi. “Yellow fever” ita ce shawarar da sauro yake kawowa, wadda ake yi wa yara rigakafinta a wata tara. “Typhoid fever” ita ce taifot, wadda ake ɗauka daga ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. “Lassa fever” kuwa sunan garinmu ta ɗauka, Lassa da ke kudancin Jihar Borno. A can aka fara gane ta a 1969, sa'ad da ta kama ma'aikatan jinya na mishan, biyu suka rasu. Ɓera ne yake yaɗa ta ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, ta fi yawa da rani, kuma farkonta yana kama da maleriya sosai. Wanda ya sha maganin maleriya daidai amma zafi bai sauka ba, musamman idan akwai ciwon maƙogwaro, kada ya zauna a gida.

Bature ma yakan yi wasa da kalmar. Jaridu suna rubuta “election fever” idan zumuɗin zaɓe ya kama jama'a, kuma abin da suke kira “hay fever” atishawa ce da ƙaiƙayin ido saboda ƙura ko garin fure, ba zafin jiki a ciki ko kaɗan.

Sai mu tsaya kaɗan a kan taifot. Yanzu da wuya mutum ya je kemis da zafin jiki bai dawo da “maleriya da taifot” ba, kamar tagwayen da ba sa rabuwa. Taifot gaskiya ce, tana kisa, har tana huda hanji. Amma gwajin Widal da aka fi yi mata ba abin dogara ba ne shi kaɗai, domin yana iya nuna akwai ta ga wanda ya taɓa yi da daɗewa, ko ga mai maleriya. A ganinmu iyalai da yawa suna sayar da kaza, wani lokaci har akuya, domin allurai da ƙarin ruwan da ba a bukata. Banda kuɗin, shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba dalili yana sa su daina aiki ranar da ake bukatarsu da gaske.

Abin da aka rubuta a kati

Yawancinmu muna dawowa da katin asibiti ba mu san abin da ke ciki ba. Idan an rubuta “c/o fever x 3/7”, ana nufin mutum ya kawo kukan zafin jiki na kwana uku. Lamba 7 kwanakin mako ce, 52 kuwa makonnin shekara, saboda haka 2/52 mako biyu ke nan. “T 38.5” zafin da ma'auni ya nuna ne. Alamar tambaya a gaban sunan ciwo tana nufin ana zato ne, ba a tabbatar ba. “RDT +ve” an sami maleriya, “RDT -ve” ba a samu ba. Idan ba a samu ba, kada mu ji haushi mu wuce kemis mu saya da kanmu. Mu tambaya cikin ladabi, “Malam, to me ya kawo zafin?” Idan an samu, a sha maganin har ƙarshe. Irin wanda aka fi bayarwa sau biyu ake sha a rana, kwana uku, ko da an ji sauƙi tun rana ta farko.

Farasitamol yana sauke zafi, amma bai warkar da abin da ya kawo shi ba. Kafin a kai yaro asibiti, a rage masa kaya, a goge jikinsa da ruwa mai ɗumi kaɗan, a ci gaba da ba shi mama ko ruwa. Kada a ba yaro asfirin. Kada kuma zafin jikin yaro ko na mace mai ciki ya wuce kwana ɗaya ba a gwada ba. Akwai lokacin da ko gari ba za a jira ya waye ba: jaririn da bai kai wata uku ba, yaron da yake jijjiga, ko ya kasa shan mama, ko yake amai da duk abin da ya sha, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ba ya farkawa sosai. Ya kamata dattawan ikilisiya da zumuntar mata su san wanda yake da babur ko mota da za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare.

A gaban ma'aikacin lafiya kuma, kada mu fara da “Maleriya ce take damunsa.” Mu faɗi ranar da zafin ya fara, ko da tari, ko zawo, ko ƙuraje, ko wani a gidan yana kwance da irinsa. Idan mun riga mun ba da magani a gida, mu tafi da kwalinsa a hannu.