Zafin Kano Daga Ƙasa Yake Tasowa

A watan Afrilu, da azahar, ma'aunin zafi a Kano kan kusanci digiri 40, wani lokaci ma ya zarce. Mai tura baro a Kantin Kwari zai ce rana ce ke dukansa. Da gaskiyarsa, amma akwai saura. Hasken rana yana ratsa iska ne ba tare da ya ɗumama ta sosai ba. Kwalta da siminti da rufin kwano su ke shanye shi, su ɗau zafi, sannan su gasa iskar da ke kwance a kansu.

Iskar da ta yi zafi nauyinta raguwa yake, sai ta yi sama, wata ta zo ta maye gurbinta. Guguwar nan da ke tashi da tsakar rana tana kwasar leda da ƙura, aikin ke nan ido na gani. Can sama kuwa sanyi ne: a matsakaici, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya. Shi ya sa Jos, da ke kan tudu, ta fi Kano sanyi.

Idan bazara ta yi nisa, iska mai danshi daga Tekun Atlantika takan iso ta kudu maso yamma, ta kutsa ƙarƙashin busasshiyar iskar Sahara. Lokacin ne gumi ke ƙin bushewa a jiki. Ƙasa ta tura wannan danshi sama, ya huce ya zama gajimare, kuma wajen komawarsa ruwa sai ya saki zafin da ya ɗauko tun daga teku. Zafin ya ƙara ingiza gajimaren sama, hadari ya haɗu. Abin mamaki, danshi daga kudu maso yamma ya zo, amma hadari daga gabas yake tasowa, kamar yadda kowane manomi ya sani. Dalili shi ne akwai wata kakkarfar iska, kilomita uku zuwa huɗu a sama, mai kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ke jan sa.

Da hunturu al'amarin juyawa yake. Iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo ya rufe gari, har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Da yake babu danshin da zai tare zafin ƙasa, sai ya tsere sama da dare, asubahin Janairu ya sauka wajen digiri 13.

A Fagge da Sabon Gari kuwa, mu muka ƙara wa kanmu zafi. Bulo da kankare sukan wuni suna tara zafi, su kwana suna sakinsa, ga hayaƙin janareta da na Adaidaita Sahu. Taɓa bangon shago a titin France bayan isha'i, za ka ji shi da ɗumi. Bishiya da kududdufi suna kashe wani kaso na zafin rana wajen fitar da tururi, mu kuma mun sare, mun cike, mun yi shaguna.

Damina da hunturu ba a hannunmu suke ba, amma rufi da bishiya suna hannunmu. Mai gini ya sa silin, ya zaɓi kwano mai haske, hukuma kuma ta daina ba da izinin ginin da bai bar wa bishiya ko ɗaya gurbi ba.