Hukuncin kashe baƙin ƙudan da yake huda itacen rufin ɗaki

Tambaya: A gidanmu na Kebbe wani babban baƙin ƙuda mai ƙugi yana huda itacen rumfa da katakon rufi. Na sayo magani a kasuwar Tambuwal, sai aka ce mini haramun ne kashe ƙudan zuma. Mene ne gaskiya?

Amsa: Hanin da aka gaya maka yana da asali. Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ibnu Abbas (R.A) cewa Annabi (S.A.W) ya hana kashe halittu huɗu, daga cikinsu akwai tururuwa da ƙudan zuma. Amma kafin hukunci, sai ka tantance abin da ke gidanka.

Duba ramin. In ka ga huda kewayayya tsaf, wadda kan ƙaramin yatsa zai kusa shiga, ga garin itace ya zuba a ƙasa, to wannan ɗan'uwan ƙudan zuma ne mai gida a cikin itace. Zanzaro da laka yake gini, gara kuma cin itacen take yi tana rufe hanyarta da ƙasa. Shi wannan ba ya cin itace. Macen ce take huda shi da baki, ta shiga kaɗan sannan ta karkata ta bi tsawon itacen. A ciki take tara garin fure da ruwansa, ta saka ƙwai a kai, ta toshe da garin itace, ta sake wani ɗaki. Ba ya zuma, ba ya taron dubbai kamar na amya. Namijin, wanda yakan tsaya a iska yana ƙugi a gaban mutum, ba shi da ƙari sam. Macen tana harbi, amma galibi sai an kama ta.

Malamai irin su Khaɗɗabi sun bayyana cewa an hana kashe ƙudan zuma ne saboda amfaninsa. Wannan ba shi da zuma, sai dai yana cikin masu barbarar furanni, har da furen wake, don haka manomi ma yana cin gajiyarsa bai sani ba. Rami ɗaya ko biyu a jikin rumfa bai kai dalilin kisa ba, barinsa shi ne mafi alheri.

Ɓarna tana zuwa ne idan suka riƙa komawa ramukan shekara bayan shekara suna ƙara musu tsawo, har itacen da ke ɗauke da rufi ya raunana a kan iyalinka. A nan cuta ta tabbata, kuma shari'a ta zo da gusar da cuta. Mai Risala ya halatta kashe tururuwa idan ta cutar kuma aka kasa haƙuri da ita, tare da fifita a bar ta. A kan wannan za a yi ƙiyasi.

Fara da mafi sauƙi. Toshe ramukan da babu kowa a ciki, ka shafa wa itacen fenti, domin busasshe marar fenti suka fi so, ka sauya wanda ya lalace tun kafin damina. In duk bai yi ba, ka sa maganin a cikin ramin kaɗai, ban da feshi a kan furanni. Kada ka cusa musu wuta, domin azabtarwa da wuta an hana ta a hadisin Bukhari, ga kuma haɗarin gobara.

Allah ne mafi sani.