Ganye, Sassaƙe da Saiwa: Maganin Dajin Matameye

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kama, ƙura ta rufe sararin Matameye, tari da majina sukan shiga kusan kowane gida. A lokacin ne ake tuna sabara. Ba a shuka ta, ba a ba ta ruwa, tana nan a bakin kowace gona daga Kantche har iyakar Dan Barto. Ana tafasa ganyenta a sha don tari ko zawo, kuma mai jego ta san ƙamshinta a ruwan wanka. Kakata takan haɗa ta da sassaƙen marke idan tarin ya yi nisa, ta ce a sha da ɗumi, kada a tsaya ɓata fuska.

Ba sabara kaɗai ba ce. Bagaruwar da majema ke jima da ita, ita ce dai ake jiƙawa don atini da ciwon dasashi, domin sinadarin da ke ɗaure fata shi ne ke ɗaure ciki. Filasko kuwa sakin ciki yake yi, wanda ya zarce awo zai kwana a hanyar bayan gida. Akwai geza, da kalgo, da aduwa, da ganyen magarya da ake wankan gawa da shi. Tumfafiya ma ana magani da ita, amma nononta idan ya shiga ido sai an dangana da likita.

Abin da na lura da shi a shimfiɗun masu magani a kasuwa shi ne, ganye yana da araha, sassaƙe da saiwa ne ke tsada, kuma su ne ke ƙarewa. Ganye idan ka tsinka zai sake toho. Amma dubi madaci. Ɓawonsa mai ɗaci ya shahara wajen ciwon ciki, shi ya sa da wuya ka ga madaci a gefen hanya ba tare da tabon gatari ba. Idan aka sassaƙe itace aka zagaye shi, an yanke hanyar da abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa, sai ya bushe a tsaye. Ɗanya ma ta shiga uku tun da aka fara neman ɓawonta don ciwon suga. Sanya kuwa, wadda ake kira uwar magunguna, saiwarta ake haƙa, mai ƙamshin man tausa. Wanda ya haƙe saiwa bai bar komai ba.

Abin mamaki, wannan yana faruwa ne a yankin da duniya ke buga misali da shi wajen dawo da itatuwa. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Magarya, Matameye da Mirriya suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa a kan itacen gonarsa. Gawo ya yawaita saboda yana da mai shi, yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ƴaƴansa kuma abincin awaki ne. Sanya da madacin da ke dajin da ba na kowa ba, wa zai hana a taɓa su? A ganina nan ne matsalar take, ba a yawan masu jinya ba. Tsofaffin masu magani sukan sassaƙi gefe ɗaya su shafe wurin da ƙasa. Mai cika buhu don kaiwa Kano ba ya da wannan haƙurin.

Kada a ce na mai da daji asibiti. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama da damina, jiƙo ba zai tsare shi ba, a kai shi a auna jini. Sai dai ƙwayar da za a ba shi ma asalinta ciyawa ce, dangin tazargade, wadda wata masaniya ƴar Sin, Tu Youyou, ta ciro maganin daga cikinta har ta sami kyautar Nobel a 2015. Bambancin shi ne ita an auna ta, an san nawa yaro zai sha. Sanya tana da dafi idan ta yi yawa, kuma har yau da tafin hannu muke awonta.