Abubuwan ban mamaki 8 game da yadda jiki ke auna sukari

Duk jinin da ke jikin baligi mai lafiya, sukarin da ke yawo a cikinsa kafin ya karya kumallo kimanin giram 4 ne kacal. Ko ya sha koko da ƙosai ko ya wuni da azumi, jiki ba ya barin adadin ya yi nisa da haka. Masu tsaron wannan ma'auni wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira beta, waɗanda ke cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Su ke sakin insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini. Ga kaɗan daga al'ajabinsu.

1. 'Yan tsiraru ne. Suna zaune ne rukuni-rukuni, kimanin rukuni miliyan 1, amma duk a haɗe ba su wuce kashi 2 cikin 100 na gaɓar ba. Paul Langerhans ya fara ganin rukunan a Berlin a 1869 yana ɗalibin likitanci, ya kuma rasu a 1888 bai san aikinsu ba.

2. Sai sun ci suke aunawa. Kamar yadda mai girki ba ta sanin gishirin miya sai ta ɗanɗana, haka ƙwayar beta take. Tana shigar da gulukos, wato sukarin jini, cikinta, ta ƙona shi, ta samu ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a kowace ƙwayar halitta. Yawan ATP ɗin shi ne ke sanar da ita cewa sukari ya hau a jini.

3. Rufe ƙofa ke jawo buɗe wata. A fatar ƙwayar akwai ƙofofin da fotasiyam ke fita ta cikinsu. Idan ATP ya yawaita sai ya rufe su. Fotasiyam ya taru a ciki, cajin lantarkin ƙwayar ya sauya, ƙofofin kalsiyam su buɗe. Kalsiyam ɗin da ya kwararo ciki shi ke ingiza insulin waje. A 1984 ne Frances Ashcroft da abokan aikinta a Oxford suka nuna cewa gulukos na rufe waɗannan ƙofofi.

4. Suna da rumbu. Kowace ƙwayar beta na ajiye da 'yan ƙunshin insulin wajen 10,000, kuma kaɗan take taɓawa bayan kowane cin abinci. Sakin zango biyu ne: na gaggawa mai kusan minti 10, sai na biyu mai tafiya sannu a hankali. Raunin zangon farko na cikin alamomin da ke fara bayyana a ciwon sukari nau'i na 2.

5. Ba zuba yake kamar famfo ba. Insulin na fita ne bugu-bugu, kusan duk bayan minti 5. Hanta ce ke fara tarbarsa, ta riƙe wajen rabi kafin sauran ya zaga jiki.

6. Jariran da aka raba da allura. Akwai yaran da ake haifa da ƙofar fotasiyam da ba ta jin ATP, don haka ciwon sukari ke kama su kafin su cika wata 6. Tawagar Andrew Hattersley a Exeter ta Ingila ta gano dalilin a 2004. Zuwa 2006 an nuna cewa wajen 9 cikin 10 na masu wannan matsala za su iya barin allurar insulin su koma shan ƙwayar magani, wasunsu bayan shekara da shekaru suna shan wuyar allura.

7. Mafarauci da insulin. Wani dodon koɗi na teku mai suna Conus geographus yana fesa irin nasa insulin a ruwa, sukarin ƙananan kifaye ya faɗi, jikinsu ya mutu, ya haɗiye su. Masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka suka bayyana haka a 2015.

8. Maganin da taifot ya haifar. A 1942, a Montpellier ta Faransa, likita Marcel Janbon ya lura cewa wani sabon magani da yake ba masu taifot yana kayar musu da sukari ƙwarai, har wasu suka rasu. Daga nan aka samo dangin magungunan da glibenclamide ke cikinsu. Aikinsu shi ne rufe ƙofar fotasiyam kai-tsaye, ba tare da jiran ATP ba.

Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi hattara. Tunda irin wannan magani ba ya tambayar ko an ci abinci, yana iya sa insulin ya fita alhali ciki babu komai, sai jiri, zufa, rawar jiki, har da suma. Duk mai shan sa da ke niyyar azumin Ramadan, ya ga likitansa tun kafin a ga wata, a daidaita masa lokaci da adadi, ko a sauya masa wani.