Garin da sanyi ke buɗe wa hanya

Mutanen ƙauyukan da ke ƙetaren gulbi a yankin Dutsin-Ma da Kurfi ba su wasa da rani. Gulbin Karaduwa da ƙoramun da ke zuba cikinsa sun ƙafe, rairayi ya bayyana, ɗan acaɓa ya ratsa yana jan ƙafa, amalanken shanu na biye. Lokacin ne mai gini ke kai siminti da kwano, manomi ya shigo da takinsa, don in gulbi ya kawo, magana ta ƙare sai kaka.

Haka mutanen Deline ke lissafin shekara, sai dai nasu a juye yake. Ƙabilar Dene ne, ba su cika 600 ba, can arewacin Kanada a bakin tafkin Great Bear, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 31,000, ya fi jihar Katsina kaf. Duk gaɓar tafkin nan ba wani gari sai nasu. Titi bai kai can ba, galibin shekara sai jirgin sama, kuma duk abin da ya hau jirgi kuɗinsa ba ya taɓuwa.

Sanyin da mu za mu ce azaba ce, shi suke jira. Wajen watan Janairu ƙasa ta daskare, ruwa ya zama ƙanƙara mai kauri, sai a share hanya daga garin Tulita, sama da kilomita 100, a riƙa huda ƙanƙarar ana auna kaurinta kafin a bar babbar mota ta hau. Daga nan zuwa ƙarshen Maris ake jigilar man dumama gida, dizal na injin wuta, katako da kayan kanti. Direba ba ya gudu a kan tafki, don nauyin mota na tayar da igiyar ruwa a ƙarƙashi, ta fasa ƙanƙarar. A Maris na 2016 wata tankar mai ta burma dab da garin.

 Ni a ganina damuwarsu ta fi tamu nauyi: mai jiran rani ya san zai zo, in an yi dace ma a gina masa gada. Su kuwa yankinsu na ɗumama fiye da sauran duniya, ƙanƙarar na jinkirin kamawa, tana saurin saki.