Ɗan Katolika a Cikin Dangi: Daga Ina Gardamar Ke Tasowa?

Masu sauraronmu na Garwa da kewaye, da na tsallaken iyaka a Yola da Mubi, da masu kama mu daga ɓangaren Chadi, ga abin da muka tattauna a shirin zamantakewa na wannan mako, domin wanda bai samu ji ba.

Saƙonnin da kuka aiko sun fi yawa a kan abu guda. Wata ta auri ɗan Katolika, goggonta ta daina cin abincin gidanta. Wani kuma an rasu a gidansu, 'yan'uwa suka rabu biyu a kan wanda zai yi addu'a a bakin kabari. To, kai mai karatu, idan ka fito daga gidan Fali, ko Gidar, ko Mundang, ko Tupuri, ko Mafa, ka san wannan ba baƙon labari ba ne. Gida ɗaya za ka tarar da Musulmi, da ɗan Katolika, da ɗan Lutheran, ga kuma kaka tana nan a kan al'adar iyayenta.

Bari mu fara da tarihi kaɗan, don shi ne ya haifi rabin rigimar. A arewacin Kamaru 'yan Furotesta ne suka riga zuwa. Mishan na Lutheran daga Amurka da Norway sun kafu a yankin Ngaundere tun shekarun 1920. Katolika ba su zauna da ƙarfi a nan ba sai 1946, lokacin da limaman ƙungiyar Oblat suka iso ƙarƙashin Fada Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop na farko a Garwa. Ka ga kenan sun tarar da wasu sun riga sun share fili. A wancan zamani kowane mishan na gargaɗin mutanensa kada su leƙa ɗayan, kuma kakanninmu sun haddace gargaɗin sun ba 'ya'yansu. Sai kuma dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta Disamba 1990 ta buɗe ƙofa, sababbin coci-coci na farkawa suka cika unguwanni. Da yawa daga cikin mabiyansu daga Katolika suka fito, kuma wanda ya bar gida yakan fi kowa zafi a kan gidan.

Zargin da aka fi jefa wa ɗan Katolika shi ne wai yana bauta wa Maryamu da gumaka. Ba aikinmu ba ne a gidan rediyo mu ce wane ne ke kan daidai. Amma kafin ka musa wa mutum, ai ya kamata ka san abin da shi yake cewa. Koyarwar cocinsu ta raba abu biyu: bauta, wadda suka ce ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawa, wadda suke yi wa Maryamu da waliyyai. Idan suna jan carbinsu, a fahimtarsu roƙonta suke ta yi musu addu'a, kamar yadda za ka ce wa dattijo ya sa ka a addu'a. Ɗan Furotesta zai ce babu buƙatar wani a tsakani, kuma wannan saɓani ne na gaske mai shekara ɗari biyar, tun zamanin Martin Luther a 1517. Kana da damar ƙin yarda. Sai dai "ban yarda da fahimtarka ba" daban, "kai mai bautar gunki ne" daban. Na farko gardama ce, ana yi a tashi a ci tuwo. Na biyu zagi ne.

Batun makoki ya fi ɗaukar mana lokaci a shirin, kuma ya cancanta. Katolika suna yi wa mamaci addu'a, har su nemi Fada ya yi ibada da sunansa bayan kwanaki ko shekara. Yawancin Furotesta ba sa yi, sun ce da mutuwa hisabin mutum ya rufe. Dalilin yana cikin littafin da kowa ke riƙe da shi. Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, na Furotesta 66, kuma cikin bakwai ɗin da suka bambanta akwai Makabiyawa na Biyu, inda Katolika ke samun hujjar addu'a ga matattu. Wato 'yan'uwa biyu na iya tsayawa a bakin kabarin uwarsu, kowa ya rantse littafi ne ya faɗa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Musulmin gidan ma kada ya yi dariya, don mun san yadda ake kai ruwa rana a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala.

Sannan ga bilbil. Cocin Katolika bai haramta giya ba, buguwa ya hana, alhali Musulunci ya haramta ta ɗungurungum, coci-coci da yawa na Furotesta a nan ma suna hana mabiyansu. Sau da yawa abin da ake kira rigimar aƙida a wurin makoki, tulun bilbil ne da aka ajiye a inda bai kamata ba. Wannan kam ba ya buƙatar malami. A raba rumfa, a raba kwano, a gaya wa kowa tun kafin ranar.

Aure ne inda abin ke da haɗari sosai, saboda 'ya'ya. Ana yawan cewa wanda zai auri 'yar Katolika dole ya sa hannu ya sallama 'ya'yansa. Haka dokar take a da, amma Paparoma Paul na Shida ya sauya ta a 1970. Yanzu ɗan Katolikan ne ke alkawarin zai riƙe addininsa, zai kuma yi iya ƙoƙarinsa a yi wa yaran baftisma a cocinsa. Ɗayan sanar da shi kawai ake yi, ba a tilasta masa alkawari, kuma sai an nemi izinin bishop. A ɓangaren Musulunci, malamai sun halatta wa namiji auren Kirista, ba su halatta wa mace Musulma auren wanda ba Musulmi ba, kuma yara suna bin addinin uba. Dubi nan da kyau: idan Musulmi ya auri 'yar Katolika, kowannensu yana ɗauke da wajibin da ya ci karo da na ɗayan. Soyayya ba ta goge wannan. A ganina masoyan da suka ce "sai yaran sun zo ma gani" sun ɗaga rigima ne zuwa ranar suna, ranar da dangi duka ke zaune kuma kowa na da baki. Ku zauna tun kafin a kai goro, da kawu ɗaya daga kowane ɓangare, a faɗi magana ƙarara.

Haka gado. A fiƙihun Musulunci bambancin addini yana hana gado, amma mutum na iya yin kyauta yana da rai, ko wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Uban da ke da ɗa Kirista kuma ba ya son ya tashi hannu wofi, ya je wurin malami yanzu, a rubuta, a sa shaidu.

To yaya za ka yi da goggon da ta ƙi cin abincinka? Kada ka kai mata gardama, ba za ka ci ba, ko ka ci ma ka yi asara. Gaisuwa za ka ci gaba da kaiwa, zumunci ai a ƙafa yake. Idan ta taso da maganar, ka ce, "Goggo, na ji, Allah ya bar mu tare," ka tambayi lafiyar ƙafarta. In tambaya take don ta sani, amsa mata a taƙaice. In kuwa neman faɗa ne a gaban yara, ka tashi da ladabi. Akwai dai iyaka. Ranar da aka fara gaya wa ɗanka cewa uwarsa 'yar wuta ce, ko aka hana yarinya kuɗin makaranta don ta je cocin da ba a so, maganar ta wuce haƙuri, sai a kira babban gida. Musulmi kuma ya tuna Asma'u 'yar Abubakar, wadda mahaifiyarta ta zo mata Madina ba ta musulunta ba, Annabi (SAW) ya umarce ta da ta sada zumunci da ita.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne manyan sun daɗe da zama a tabarma ɗaya, mu ne a gida muke ta jan zaren. A 1965 taron Vatican na Biyu ya fitar da takardar da ta yi magana a kan Musulmi da girmamawa. A Agusta 1985 Paparoma John Paul na Biyu ya zo nan Garwa, garin Ahmadu Ahidjo, sannan ya gana da shugabannin Musulmi a Yawunde. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a takardar fahimtar juna kan batun ceto, wato ainihin abin da ya raba su tun farko. A Tokombere kuwa har yau ana ambaton Baba Simon, Fada Simon Mpeke, wanda ya zo daga kudu a 1959 ya zauna cikin mutanen duwatsu yana yawo ba takalmi, yana zama da dattawan gargajiya da Musulmin garin har rasuwarsa a 1975.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kawo Fada da Fasto da Liman a kan batun jana'iza kaɗai: wa ke wanka, wa ke addu'a, kuma a wace maƙabarta. Ku aiko da tambayoyinku da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci, ba sai kun sa suna ba.