Tsiron Ƙashi da Raunin Yatsun Ƙafa a Shekarun Tsufa: Abin da Ya Kamata Iyali Su Sani

Ciwon ƙafa na daga cikin abubuwan da ke kai dattawa asibiti a Kano. Wani zai ce da ya taka ƙasa da asuba zai tafi alwala sai ya ji kamar an soka masa ƙusa a dunduniya. Wata za ta ce babban yatsanta ya sandare, sujada da zaman tahiya sun zame mata wahala. Idan aka ɗauki hoton ƙafar aka ga ƙashi ya yi tsiro, hankalin iyali kan tashi, a fara maganar tiyata. Amma idan wannan dattijon ya yi tuntuɓe yatsa ya fashe, sai a shafa man zafi a ɗaure da tsumma a manta. A likitance lissafin ya juye: tsiron ƙashi abu ne da ake rayuwa da shi shekara da shekaru, ƙaramin rauni a yatsa kuwa shi ne kan kai ga rasa ƙafa idan aka yi sakaci.

Mene ne tsiron ƙashi?

Ƙafar ɗan Adam, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26. A duk inda ƙashi biyu suka haɗu akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna. Da shekaru suka ja, guringuntsin kan zaizaye, sai jiki ya riƙa ƙara ƙashi a gefen gaɓar don ya tallafe ta. Wannan ƙarin shi ne tsiron ƙashi. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Tsufa, ƙiba, doguwar tsayuwa, tsohon rauni da gado duk suna taimakawa wajen fitowarsa.

A ƙafa ya fi fitowa a wuri biyu. Na farko shi ne saman gaɓar babban yatsa. Yatsan ba ya lanƙwasuwa sama yadda ya saba, ana iya taɓa wani tudu mai tauri a kansa, kuma takalmi na gogarsa. Shi ya sa zafin ke tsananta a sujada, da tsuguno, da hawan bene. Na biyu shi ne ƙarƙashin dunduniya. A nan yawanci zafin yana fitowa ne daga wata jijiya mai kauri da ta shimfiɗu daga dunduniya zuwa gindin yatsu, wadda ta gaji ta yi rauni. Mutane da yawa suna da tsiro a dunduniya ba su taɓa jin komai ba. Don haka likita yana duba mutum ne da inda yake jin zafin kafin ya dubi hoton.

Yadda ake zama da shi

Babu ƙwaya, man shafawa ko jiƙo da ke narkar da tsiron ƙashi. Duk wanda ya ce yana sayar da irin wannan, kuɗinku yake so. Abin da ake yi shi ne rage zafi da sauƙaƙa tafiya.

Takalmi ne magani na farko. Silifas ɗin roba mai laushi da ke lanƙwashewa a kowane taku yana ƙara wa gaɓar babban yatsa wahala. A nemi takalmi mai faɗin gaba, mai ƙasa mai ɗan tauri da kauri, mai maɗauri a baya. Mai ciwon dunduniya ya sa soso mai taushi a cikin takalmin, ya daina yawo ba takalmi a kan siminti ko tayil, ko da a tsakar gida ne.

Kafin a sauko daga gado da asuba, a miƙe ƙafa, a rataya tawul ko ɗankwali a tafinta a jawo yatsun zuwa jiki, a riƙe kamar daƙiƙa 30, a maimaita sau uku. Mafi yawan masu ciwon dunduniya suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, sai dai yakan ɗauki watanni, wani lokaci har kusan shekara. Rage ƙiba na taimakawa sosai, haka ma zuwa sashen gashin ƙashi. Wanda sujada ke yi wa tsanani ya tuntuɓi malaminsa, domin addini ya yi wa marar lafiya rangwamen yin salla a zaune.

Game da maganin zafi, farasitamol ya fi aminci ga dattijo: ƙwaya biyu masu nauyin miligiram 500, bai wuce sau uku a rana ba, sai dai idan likita ya rage saboda ciwon hanta ko rama. Diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna kashe zafi, amma yawan shansu na jawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda, yana tayar da hawan jini. A guji haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a kemis ko wurin masu talla, domin galibi ana cusa irin waɗannan tare da prednisolone ko dexamethasone, masu hawar da sukari da raunana ƙashi.

Ana zuwa ga tiyata ne idan duk waɗannan sun gaza kuma tafiya ta gagara. Likitan ƙashi na iya kankare tsiron da ke saman babban yatsa, ko ya haɗe gaɓar idan ta lalace gaba ɗaya.

Idan an yi tuntuɓe

Dattijo ya fi yaro yin tuntuɓe saboda raunin gani da nauyin ƙafa, musamman a hanyar masallaci da duhun asuba, ko a bakin kwata, ko a dokin ƙofa. Idan fata ba ta fashe ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora na minti 15. Kada a gasa da ruwan zafi a kwana biyun farko, kada a ja yatsan. Ƙaramin yatsa da ya tsage bai goce ba yakan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida. Akan sa auduga tsakaninsa da maƙwabcinsa a ɗaure su tare da filasta, ba da ƙarfi ba. Wannan ɗaurin bai dace da mai ciwon sukari ko mai ƙarancin gudanar jini ba. Haka nan ɗori mai matsewa na iya tsayar da jini yatsa ya mutu.

Idan fata ta fashe, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da bandeji. Kada a zuba toka, ƙasa, fetur ko garin kafso. A tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus, musamman idan ƙusa ko ƙarfe ne, domin dattawa da yawa sun daɗe ba su yi ta ba.

Masu ciwon sukari

Sukari da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, yana kuma toshe hanyoyin jini. Mutum zai taka ƙaya bai sani ba, ko tudun tsiron ƙashi ya gogi takalmi har ya zama gyambo ba tare da zafi ba. Rashin zafi a nan alamar haɗari ce. Da hunturu abin na ƙaruwa: faso na buɗe fata, wasu kuma na ƙonewa wajen jin ɗumi a kaskon garwashi.

Alwala dama ce ta duba ƙafa kullum. A duba tafi da tsakanin yatsu, a goge su bushe, a shafa mai a dunduniya ban da tsakanin yatsun. A zazzage takalmi kafin a sa. A yanke farce a miƙe da abin yankan farce na mutum shi kaɗai, kada a kankare kanta da reza. Lalle mai duhu na ɓoye canjin launin yatsa, don haka iyayenmu mata masu sukari su rage shi a ƙafa. Idan Baba ko Hajiya ba sa gani sosai ko ba sa iya sunkuyawa, wannan aikin 'ya'ya da jikoki ne.

Yaushe za a tafi asibiti a ranar?

Idan babban yatsa ne ya karye, ko yatsa ya karkace, ko ƙashi ya fito.
Idan yatsa ya yi baƙi, ya yi sanyi, ko ya daina ji.
Idan ciwo na wari ko fitar da mugunya, ko kumburi na hawa sama, ko zazzaɓi ya shigo.
Idan mai ciwon sukari ya samu rauni a ƙafa, komai ƙanƙantarsa.
Idan gaɓar babban yatsa ta kumbura farat ɗaya cikin dare da zafi mai tsanani ba tare da tuntuɓe ba. Wannan na iya zama ciwon gawut ko ƙwayar cuta a cikin gaɓa, kuma maganinsu daban ne.

Mazauna Babban Giji, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, inda ake da likitocin ƙashi da na ciwon sukari. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959. Ciwon dunduniya ko sandarewar yatsa na iya farawa daga asibitin unguwa a karɓi takardar turawa. A tafi da duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya, da kuma takalmin da ake sawa kullum, domin likita zai so ya gan su. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.